Zuwa ga Baba Yohanna, Wanda Ya Sassaƙa Mini Ƙafa

Daga hannun ɗanka Iliya tela, mazaunin unguwar Fezzan a Yerwa, zuwa ga Baba Yohanna kafinta, a ƙasar Biu. Ina gaishe ka gaisuwar ɗa ga ubansa, da ladabi da bege mai yawa, a cikin sunan Yesu Ubangijinmu. Ina gaida iyali da dukan 'yan'uwa masu bi da ke tare da kai. Ina fata damina ta yi muku albarka, jiki kuma yana da sauƙi.

Bayan gaisuwa. Ranar Litinin da ta wuce wani direban babbar mota mai jigilar gyaɗa ya kawo mini wando in rage masa tsawo. Muna cikin hira ya ce ya yada zango a garinku, ya ga wani tsohon kafinta da ke tare duk wanda ya fito daga Yerwa yana tambayarsa ko ya san wani gurgu mai ƙafar itace. Baba, allura ce a hannuna, sai da na soke yatsa. Shekara biyar ke nan ban ji ɗuriyarka ba, ban ma san ko kana da rai ba. Direban ya ce idonka ya yi rauni, don haka na san wani ne zai karanta maka wannan takarda, wataƙila ma a gaban jama'a bayan sujada. To, su ji. Tun da ba su san ni ba, bari in ɗauko daga farko, kai kuma ka gyara inda na yi kuskure, kamar yadda ka saba.

Na zo Yerwa ina saurayi, da ƙafa na tako tun daga kan duwatsunmu, kuma ba abin da nake taƙama da shi kamar ƙafafun nan. Da kaka na tafi Zabarmari yankan shinkafa. Wata safiya na sa hannu zan ɗaga dami, kububuwa ta fito daga ƙarƙashi ta sare ni a idon sawun hagu. Kwana uku ana ɗaura mini saiwoyi, ƙafar tana ƙara baƙi tana wari. Wani Bashuwa mai shanu ne ya ji tausayina, ya aza ni a kan takarkarinsa ya kawo ni asibiti. Da na farfaɗo, na tarar an yanke ta, taƙi ɗaya ƙasa da gwiwa.

Kai ka san yadda ka same ni bayan an sallame ni. Wani mutumin garinmu ya ba ni ɗaki a Fezzan, na shiga na ƙi fita. Na lulluɓe dungun da tsohon bargo, ko ni kaina ba na son ganinsa. In zan yi wanka sai in kau da kai. 'Yan'uwa suka yi ta zuwa su ɗauke ni zuwa sujada a rumfar nan ta zana da muke taruwa ranar Lahadi, na ce su ƙyale ni. Na gaya musu an riga an binne wani sashe na jikina a bayan asibiti, sauran jiran lokacinsa kawai yake yi.

A lokacin ban san ka sosai ba. Abin da na sani kawai, kai ne dattijon da ke ɗaga waƙa a rumfa, da muryar nan taka da ke sa yara su toshe baki. Ka yi haƙuri, Baba, gaskiya ce, kai ma ka sani.

Ka shigo da hantsi, da fensir a bayan kunne, da igiyar awo a wuya, da ƙwaryar ruwan ɗumi a hannu. Ka gaishe ni, ka ce, "Buɗe in gani." Na ce ba zan buɗe ba. Ka ce ba komai, yau ba ka da wani aiki. Ka zauna a bakin ƙofa, ka fito da gyaɗa daga aljihu kana ɓarewa kana ci, kana ba ni labarin wani tebur da ya ƙi tsayuwa daidai. Har aka kira azahar a masallacin unguwa kana nan. Ruwan ya huce, ka tashi ka roƙi maƙwabta suka sake ɗumama shi. Gajiya da kai ce ta sa na yaye bargon, ba wani abu ba.

Ba ka yamutsa fuska ba. Ka durƙusa, ka tallabi dungun da hannu biyu, ka wanke shi a hankali kamar ana wanke jariri. Sannan ka yi ta jujjuya shi kana dubawa, irin duban da kake yi wa aikin wani gwani. Ka ce, "Iliya, dubi nan. Dubi yadda naman ya jawo kansa ya rufe, fata ta bi ta lulluɓe. Likita ya ɗinke, amma wa ya haɗe? Ni shekara talatin ina yanka katako, ban taɓa ganin wanda na yanka ya warke ba." Na sunkuya na duba. Ran nan ne na fara kallon wurin da idona sosai.

Daga nan ka shiga aikin sassaƙa mini ƙafa, ni kuma na shiga wahala.

Ta farko da kanya ka yi ta. Ka ce kanya ba ta ruɓewa, gara ba ta cinta. Haka ne, amma da na ɗaura ta sai na ji kamar an ɗaure mini turmi. Taku biyar na yi na zauna ina haki. Ka sosa kai ka ce, "To, wannan sai dai a yi ƙafar gado da ita." Kuma ƙafar gadon ka yi da ita, na gani.

Ta biyu ita ce ta fi ba mu dariya. Ka ce ba za ka yarda ka ba ni sanda kawai ba, sai ka yi mini idon sawu mai lanƙwasa. Ka je wurin mahauta ka karɓo ƙafar rago, ka zo ɗakina ka feɗe ta da 'yar wuƙa. Ka nuna mini farar jijiyar nan, ka ja ta, kofato ya lanƙwashe, ka sake ta, ya miƙe. Ka yi ta ja kana saki kana dariya kamar yaro ya sami abin wasa. Ka nuna mini santsin da ke kan gaɓa, ka ce, "Ga man da ba a zubawa, kuma ba ya ƙarewa." Bayan haka ka sa na miƙa ƙafata ta dama, ka ce in motsa yatsu ɗaya bayan ɗaya, kana bin jijiyoyin da yatsanka. Mako uku kana fama da ƙarfen ƙyaure da tsirkiyar fata. Da muka gwada, kuka take yi kamar tsohuwar ƙofa, kuma a taku na goma ta naɗe ta kai ni ƙasa. Ka ɗaga ni kana cewa, "Na sallama. Wannan gaɓa, Mai ita kaɗai ya san sirrinta."

A kwanakin nan ne na riƙa jan jiki da sanda zuwa rumfarka, in zauna a kan buhun dusar katako ina kallonka. Kana sassaƙa kana magana, ba ka ɗaga kai. Ka ce Allah ya kira rana da wata da baki kawai suka kasance, amma da ya zo kan mutum sai ya sunkuya ƙasa, ya ɗebi turɓaya, ya gina shi da hannu, sannan ya kawo bakinsa kusa ya hura masa numfashi. Ka ce mai sana'a ne kaɗai ya san bambancin abin da ka aika a yi da abin da ka yi da hannunka. Ka ce Ubangijinmu da kansa bai ji ƙyamar jiki ba, ya shiga cikin mace wata tara, ya yi rarrafe, ya yi haƙori, ya girma ya riƙe gizago har tafinsa ya yi kanta. "In shi bai raina jiki ba," in ji ka, "kai wane ne da za ka rufe naka da bargo?"

Na ɗauki sandata na koma ɗaki ina gunaguni. Amma ranar Lahadin da ta biyo na je sujada.

Ta uku da maɗaci ka yi. Ka rarake cikinta don ta yi sauƙi, ka shimfiɗa fatar tunkiya inda dungun zai zauna, baduku ya ɗinka mata maɗauri, ka yanko guntun tsohuwar tayar mota ka buga a ƙasan. Ba ta lanƙwasa, ba ta da yatsu, amma ta ɗauke ni. Ka tuna ranar da muka fara fita kasuwa da ita? Na taka ɓawon kankana a gaban mata masu tallan nono, na zube, ƙafar itacen tana sama. Kowa ya yi tsit, ana jiran in yi kuka. Sai na ji dariya ta kuɓuce mini. Kai ma ka fashe, matan suka fashe, wata tsohuwa a cikinsu ta miƙo mini ludayin nono tana yi mini sannu da Barbarci, "Wushe, wushe." Rabona da dariya tun Zabarmari.

Kai ne kuma ka kai ni wurin wani tela Babarbare a bakin kasuwa, ka ce masa keken ɗinki ƙafa ɗaya yake bukata, ga mai ƙafa ɗaya ka kawo masa. Har yau da wannan sana'a nake ci. Kullum ina auna jikin mutane, Baba, kafaɗa da ƙugu da tsawon hannu, kuma ban taɓa samun biyu da suka zo daidai ba, ko 'yan'uwan da suka fito ciki ɗaya.

Sai maganar Rahila. Ga masu saurare, ita ce matata, 'yar Margi ce, a lokacin tana tuyar ƙosai a kan hanyar rumfarmu. Ni ban taɓa sa ran wata mace za ta dube ni ba. Ita ce ta fara tsokanata, ta ce ta fi kowa sanin zuwana, don tun daga kwana take jin ƙwas, ƙwas, sai ta ware mini masu zafi. Da danginta suka ce ina za ta da gurgu, cewa ta yi masu ƙafa biyu da yawa ta gani suna zaune a gindin bishiya tun safe, shi wannan da guda ɗaya yake zuwa aiki. Kai ka tsaya a matsayin ubana, ka kuma ɗaga waƙa ranar auren, ba wanda ya iya hana ka.

Yanzu zan faɗi abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai kai, ko Rahila sai daga baya ta ji.

Da ta sami ciki na yi murna kwana biyu, sannan tsoro ya kama ni. Wata mata a bakin rijiya ta ce wa Rahila ta daina kallon dunguna, kada ɗan ya ɗauko. Rahila ta kawo mini maganar tana dariya, ni kuwa ta zauna mini a ƙirji. Na san wauta ce, amma duk lokacin da na ga cikin ya ƙara girma sai in riƙa tunanin wani ɗan ƙaramin dungu a ciki. Abinci ya daina shiga. Na ɗinka wa wani mutum riga da hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Wata shida ina ɗauke da abin nan, sannan na zo rumfarka na faɗa maka, kaina a ƙasa.

Ka ajiye zarto. Ka yi dariya har sai da ka dafa tebur, hawaye na zuba. Na ji haushi na miƙe zan tafi, ka riƙo rigata. Ka sa yatsa a kan tsagen da ke kumatuna, ka ce, "Wannan, ubanka yana da shi?" Na ce yana da shi. "Kakanka fa?" Na ce shi ma. "To, da shi aka haife ka, ko sai da aka kira mai aska?" Na ce sai da aka kira shi. Sai ka daina dariya, ka ce, "Iliya, Wanda ke gini a cikin Rahila bai aiko a ɗauki awon ƙafarka ba. Ba daga wurinka yake kwaikwayo ba. Kai da ita kun ba da abin da aka ba ku, amma rai nasa ne, zanen ma nasa ne. Kuma ka ji da kyau, ko da ɗan nan ya zo da ƙafa ɗaya, ko babu ko ɗaya, aikin hannun Allah ne, za mu karɓe shi da waƙa." Wannan ta ƙarshen ce ta kwantar mini da hankali, fiye da ta farkon.

Naƙuda ta zo da bazara, da hantsi, kwana goma kafin lokacin da muke zato. Matan gidan sun tafi wani biki, ba kowa sai ni. Rahila ta ce in kira Ya Kaltum, tsohuwar ungozoma da ke unguwar Abbaganaram. Baba, ran nan na yi gudu. Ban yi niyya ba, ban ma san ina yi ba, sai da na ga mutane suna darewa suna bina da kallo. Yashi yana riƙe ƙafar itacen ina fizge ta. Da na isa ƙofar Ya Kaltum na kasa magana, sai nuni nake yi da hannu. Ta dube ni, ta ɗauki ƙullinta, ta wuce gaba ina binta.

Na zauna a bayan zana har rana ta take tsaka. Ina jin nishin Rahila, ina jin Ya Kaltum tana ba ta ƙarfi da Barbarci. Can sai na ji komai ya ɗauke. Ba nishi, ba kukan jariri. Ban san tsawon shirun nan ba, amma na san na kira sunan Yesu fiye da yadda na taɓa kira a rayuwata. Rahila ce ta gaya mini daga baya abin da ya faru a ciki. Jaririyar ta fito shiru, jikinta ya saki. Ya Kaltum ta sa yatsa ta share mata baki, ta murza bayanta, ba motsi. Sai ta yi bisimilla, ta kafa bakinta a kan hancin yarinyar ta hura. Ta sake hurawa. A na uku ƙirjin ya ɗaga, aka tsala kuka.

Ya Kaltum ta leƙo ta ce, "Yaronka ya zo." Ka san Hausarta ba ta raba namiji da mace. Na fara godiya ga Allah da ya ba ni ɗa namiji, sai ta harare ni ta ce, "Fero! Mace ne!" Ta fito da ita bakin ƙofa a naɗe cikin zane. Ni kuwa, maimakon in buɗe ta sama, sai na yaye ta ƙasa. Ƙafa biyu, Baba. Suna harbin iska. Na ƙirga yatsu, goma, kowane da ɗan farcensa kamar ƙwayar gero. Na sake ƙirgawa. Ya Kaltum ta ce shekara arba'in tana karɓar haihuwa, kowane uba fuska yake fara dubawa, yau ta ga mai fara duba ƙafa. Na ce mata Allah ya saka mata, ita ce ta ba 'yata rai. Ta ɗaga yatsa sama ta ce, "A'a. Ni iska na hura. Rai na Allah."

Da la'asar ka iso, da dusar katako a gashinka, ko wanke hannu ba ka tsaya yi ba sai da Rahila ta kore ka ka wanke. Aka sa maka ita a cinya. Ka riƙe tafin ƙafarta, bai kai babban yatsanka tsawo ba. Ka lanƙwasa idon sawun a hankali, ka miƙe shi, ka sake lanƙwasawa. Ka shafa tafin, yatsun suka dunƙule. Ka ce, "Wata huɗu na yi, da zarto da gizago da hasken rana, na fitar da guda ɗaya wadda ba ta motsi. Dubi wannan. Biyu, a cikin duhu, ba a ji ƙarar guduma ba. Kuma za su yi girma da kansu." Sannan ka fara waƙa, yarinyar ta tsorata ta fasa ihu, duk gidan aka kwashe da dariya.

Kai ka zaɓa mata suna Godiya. Tana da shekara biyu aka aiko maka cewa wanka ya rasu, ka koma gida riƙon gona, daga nan labari ya yanke.

To ga labarinmu yanzu. Godiya ta shekara bakwai. Ba ta iya tafiya ba, sai gudu. In aka aike ta ɗebo wuta a maƙwabta, kafin ka juya ta dawo. Ta fara karatu, ita ce ma ke riƙe mini kwalbar tawada da nake rubutun nan, tana cewa in gaya maka ta fi ka iya waƙa. Ta sami ƙane, mun sa masa sunanka. Rahila tana lafiya, ta yi ƙiba, ta ce in faɗa maka har yanzu ba ta yafe maka kujerar da ka yi mata alkawari ba. Ya Kaltum ta tsufa ƙwarai, ba ta fita, amma duk Kirsimeti muna kai mata shinkafa da nama, ita kuma da Sallah tana aiko wa Godiya da nata. Rumfarmu ta zana ta zama ɗakin ƙasa mai rufin kwano, bencinan da ka yi suna nan.

Akwai wata shari'a da ta taso a gidana, na ce sai na kawo maka ita. Ranar Lahadin Tashi daga Matattu an yi mana wa'azi cewa a rana ta ƙarshe jikin nan namu zai tashi, ba kurwa kaɗai ba. Muna dawowa gida Godiya ta tsaya a tsakiyar hanya ta ce, "Baba, ran nan da wace ƙafa za ka tashi? Da wadda aka binne, ko da ta Kaka Yohanna?" Rahila ta ce sabuwa fil za a ba ni, wadda maciji bai taɓa gani ba. Ni ma haka na gaskata. Amma Godiya ta ɓata rai, ta ce in haka ne yaya za ta gane ni a cikin taron mutane masu yawa haka, in ba ta ji ƙwas, ƙwas ba? Na ce mata Ubangiji ma da ya tashi, da tabon ƙusa a hannu abokansa suka gane shi, don haka ba zai bari 'ya ta ɓace wa ubanta ba. Ba ta gamsu ba. Ta ce a tambayi wanda ya yi ƙafar.

Saboda haka ka shirya amsa. Na yi magana da direban nan, bayan an gama girbi zai ɗauko mu mu huɗu ya sauke mu a garinku. Kada ka damu da idon. Ka zauna a ƙofar gida kawai, za mu same ka. Godiya za ta riga mu isowa.

Allah wanda ya gina mu tun muna ɓoye, ya san kowace gaɓa da kowace jijiya, ya riƙe maka naka jikin a tsufa. Ya sa ƙarfi a gwiwarka, ya sanyaya maka ido, ya ba ka barci mai daɗi da abinci mai shiga. Ya albarkaci hannuwan nan da suka wanke abin da mai shi ya ƙi kallo. Ya kiyaye ranka da namu har mu gaisa hannu da hannu. Amin.

Ni ne ɗanka, wanda ka tsayar,
Iliya tela, Fezzan, Yerwa.